Fitilun Baba Direba

Ranar Alhamis da hantsi, Sufeto tana zaune a ofishinta, ta zare takalmi ɗaya tana murza ƙafa a ƙarƙashin tebur, sai Kofur ya leƙo ya ce mata tana da baƙi, kuma ga dukkan alamu ba masu haƙurin bin layi ba ne.

Mace ce ta fara shigowa, dattijuwa mai jiki, da filasta a karan hanci da ɗinki huɗu a goshi. Shugabar wata makarantar firamare ce, kowa Malama Babba yake ce mata, har iyayen yaran da suka girme ta. A bayanta akwai wani matashin magidanci fes da shi, cikin shuɗiyar rigar aiki wadda ko ɗigon baƙin mai babu a jikinta. Ɗan wanta ne, kuma bakanike ne, amma tun da ya sayi na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta da kanta, ya hana kowa ce masa bakanike. Sai dai Injiniya.

Malama Babba ta zauna, ta ɗora wata baƙar leda a kan tebur, ta fara bayani tiryan-tiryan kamar tana karanta wa yara darasi.

Ranar Litinin ne, suna hanyar makaranta, wani mai babur ya faɗo musu titi babu sigina babu komai. Direbanta ya kauce masa, motar ta daki turken wutar lantarki. Allah ya taƙaita, duka su biyun sun ɗaura bel. Ita ta fasa goshi da hanci, shi kuma ƙirjinsa ya bugi sitiyari. Abin da ya kawo ta kuwa shi ne, motar tana da jakar iska guda biyu, irin wadda ke ɓoye a cikin sitiyari da gaban kujerar mai zaman gaba, in an yi karo ta kumbura ta tare fuskar mutum. Ranar ko ɗaya ba ta fito ba. Da mai gyaran jikin mota ya buɗe don ya ga dalili, sai ya tarar babu jaka babu alamarta. Abin da ya samu a gurbinsu shi ne ke cikin ledar.

Sufeto ta zazzage ledar. Tsummokara ne, koraye masu ɗigon fari, an cusa su an danna har sun ɗauki siffar ramin.

"Kin san tsumman nan, Malama?"

"Tsohon labulen ofishina ne. Ni na ba direbana ya riƙa goge mota da shi."

"Wa kike zargi?"

Malama Babba ta kalli ƙasa. Injiniya ne ya amsa a madadinta, cikin ladabi, yana cewa shi dai ba ya son ɗaukar alhakin kowa, amma makullin motar Goggo a hannun mutum ɗaya yake kwana yake tashi. Ya ƙara da cewa duk motar da aka cire wa jakar iska, wata jar fitila ce ke kamawa a gaban direba, ba ta kuma mutuwa. Wanda yake zaune a bayan sitiyari kullum ba zai ce bai gan ta ba, sai in yana da dalilin yin shiru.

Sufeto ta tambaye shi ko shi ke duba motar. Ya ce shi ne, amma juyen baƙin mai kawai yake yi mata, ba ta taɓa wuce awa ɗaya a garejinsa ba, kuma bai taɓa kwance ko noti ɗaya a cikin ɗakin motar ba.

Har sun miƙe, Sufeto ta dubi Malama Babba.

"Ke da kike zama a gaba, kin taɓa ganin jar fitilar da yake faɗa?"

"Ban taɓa ba," in ji Malama. "Kuma ni idona a kan allon nan yake, don ba na son gudu."

Sufeto ta rubuta wannan a littafinta, ta ja masa layi biyu a ƙasa.

Baba Direba ba kamo shi aka yi ba. Waya aka yi masa, ya zo da ƙafarsa, ƙirji a naɗe da bandeji, ya gaida kowa a kantar ofis har da mai shara. Tsoho ne siriri mai farin gemu ɗan kaɗan, shekara ashirin da biyu yana tuƙa Malama Babba, tun mijinta yana da rai. Da aka ce masa za a tsare shi, ya cire hula da agogo da bel, sai ya tsaya yana kallon Kofur kamar bai ji Hausar ba. Sannan ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan kanta.

A bayaninsa na farko ya ce bai saci komai ba, bai ga wata jar fitila ta tsaya a kunne ba, kuma motar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba tare da sanin Malama ba.

Shugaban ofis ya duba fayil ɗin a tsaye, ya ce magana ta ƙare. Ga tsummansa, ga makulli a hannunsa. Litinin da safe a kai shi kotu.

Sufeto ta ce to. Amma irin "to" ɗin nan ne da mata ke yi in ba su gama magana ba.

Da yamma ta tafi wurin mai gyaran jikin mota, inda motar take jingine a ƙarƙashin rumfar kwano, gabanta a lotse. Ta buɗe but, ma'ajiyar kaya ta baya, ta ga ragowar koren labulen a ninke kusa da jak. To, ashe duk wanda ya buɗe but ɗin zai iya yagar tsumman, ba sai direba ba. Hankalinta ya ɗan kwanta.

Sai ta buɗe ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman gaba. A ƙarƙashin takardun mota ta tarar da tikitin ajiye mota na wani asibiti. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, goma sha bakwai, an ɗaure su da roba. Kowannensu na ranar Juma'a ne, ƙarfe tara na safe, lokacin da Malama Babba take cikin aji tana zaton motarta na ƙarƙashin bishiyar makaranta.

Hankalin da ya kwanta ya sake tashi. Sufeto ba ta son tsoho ya yi mata ƙarya. Ta saba da ƙaryar samari, wannan kam abincinta ce ta kullum, amma ƙaryar mai farin gemu takan tsaya mata a wuya.

Juma'a da safe ta sa aka fito da shi. Ta zube tikitocin a gabansa.

Baba Direba ya dube su.

"Ranki ya daɗe, wannan kam na yi ƙarya."

"Me kake zuwa yi asibiti da motar mutane?"

"Tsohuwata nake kaiwa. Ƙafafunta sun ƙi, ba ta iya hawa babur. Duk Juma'a ake gasa mata su. Nakan kai ta in dawo kafin a tashi makaranta."

"Me ya hana ka tambayi Malama?"

"Kunya. Ta yi mini da yawa."

"Yau ma ai Juma'a ce."

"Yau ma Juma'a ce," in ji shi, ya kawar da kai gefe.

Sufeto ta bar shi ya numfasa. Sannan ta ce masa ta ji wannan, amma ya sani wanda ya ɓoye abu ɗaya, alƙali zai ɗauka ya ɓoye biyu. In yana son ta taimake shi, ya gaya mata gaskiyar jar fitilar nan. Injiniya ya ce dole ta kama, shi da Malama sun ce ba ta kama ba. A cikinsu wani yana yi mata wasa da hankali.

Da jin an ambaci fitila sai tsohon ya gyara zama. Kai ka ce an tambayi makiyayi labarin shanunsa.

Ya ce shi bai yi boko ba, bai san sunayen da Turawa suka sa musu ba, don haka shi ya raɗa musu nasa. Akwai Buta, ja ce, da ɗigo a bakinta, ita ce ta baƙin mai. In ta kama kana cikin tafiya, ka gangara gefen titi ka kashe injin nan take, ko da amarya ka ɗauko, in ba haka ba injin ya ƙone. Akwai Akwati, shi ma ja, na batir. Akwai Sanda-cikin-ruwa, ta zafin injin. Akwai Famfo, ruwan ɗorawa, wadda ke cewa injin yana da ƙorafi, a kai shi a duba. Ya ce abin a launi yake. Ja, tsaya yanzu. Ruwan ɗorawa, kada ka bari mako ya zagayo. Kore da shuɗi kuwa gaisuwa ce kawai, suna gaya maka ka kunna sigina ko babbar fitila.

Kofur, da ke rubutu a gefe, ya yi tari ya ce a motar wata da ya sani, Famfo ta fi wata biyar a kunne, har an manna mata hoton jika a kai don kada ta dami mutane. Sufeto ta ce masa ya ci gaba da rubutunsa, ba a tambaye shi ba.

"To ita ta jakar iskar fa?"

"Mai Ciki kenan," in ji Baba Direba. "Mutum ne a zaune da ƙwallo a gabansa. Ja ce ita ma."

"Ta taɓa tsayawa a kunne kana tafiya?"

"Ko sau ɗaya. Amma dai ta canza hali."

Sufeto ta ajiye biro.

Ya ce shi ba ya tayar da mota kai tsaye kamar yadda 'yan yanzu ke yi, su murɗa makulli su fizga. Wanda ya koya masa tuƙi ya hana shi. Kullum da safe rabi yake murɗawa, ya tsaya. A nan duk fitilun sukan kama gaba ɗaya, kowacce ta nuna tana da rai. Sai ya yi addu'arsa yana kallonsu. Buta da Akwati ba sa mutuwa sai injin ya tashi, haka aka yi su. Mai Ciki kuwa ba ta jiran kowa. In ya ƙirga shida, sai ta mutu ita kaɗai, ko an tayar da injin ko ba a tayar ba. Shekara tara da sayen motar, haka take yi.

"Sai wata safiya na ƙirga shida ba ta mutu ba. Na kai goma. Na kai ashirin. Da na tayar da injin, sai suka mutu tare da Buta, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Tun ranar haka take yi."

"Wace rana ce?"

"Makon da yara suka fara jarrabawa. Hon ya daina kuka, na kai wa Injiniya, motar ta kwana biyu a wurinsa."

"Ya ce ba ta taɓa wuce awa ɗaya ba."

Baba Direba ya ce shi dai a motar haya Malama ta je makaranta kwana biyun nan, tana ta mita. Kuma da ya ga canjin ya koma ya gaya wa Injiniya, sai ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, Baba, fitilar da ta mutu ai lafiya ce, kai dai ka riƙe sitiyarinka ka bar mana namu. Shi kuwa ganin yaro ne mai na'ura, kuma ɗan gida, sai ya ja bakinsa.

"Me ya sa ba ka faɗi wannan jiya ba?"

"Tambayata aka yi ko ta tsaya a kunne. Ba ta tsaya ba."

Sufeto ta dube shi, ta rasa ko ta yi dariya ko ta yi faɗa. Ta sa Kofur ya sayo masa shayi da burodi, ta kuma ba da kuɗin mota a je a kai tsohuwarsa asibiti.

Akwai wani mai gyaran wutar mota da ofishin ke kira in motar sintiri ta ƙi tashi. Gajere ake ce masa, ko da yake sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Da rana Sufeto ta ɗauke shi suka koma wurin motar.

Ita da kanta ta zauna a kujerar direba. Ta murɗa makullin rabi. Allon ya cika da fitilu, ja da ruwan ɗorawa, ta gane Buta, ta gane Akwati, ga kuma mutumin nan da ƙwallo a gabansa. Ta ƙirga shida a hankali. Yana nan. Ta ƙirga har talatin, bai ko ƙifta ba. Ta ƙarasa murɗawa, injin ya yi tari ya tashi, sai Buta da Mai Ciki suka mutu a tare.

Gajere ya yi wata 'yar dariya ta masu sana'a, ya ce ta kashe injin. Ya zaro sukudireba, cikin minti goma ya ciro allon gaba ɗaya ya juya bayansa. Ya nuna mata da farce. An yanke hanyar da ke kai wuta ga fitilar jakar iska, an ɗauko wata siririyar waya an jona ta da ta baƙin mai, an like da dalma tsaf.

Ya ce mata abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, in an cire jaka fitilar kan kama ta ƙi mutuwa. Ɓarawo marar wayo sai ya cire ƙwan fitilar, amma wannan ana saurin ganewa, don in an murɗa makulli ba za ta fito ba sam. Mai wayo shi ne ya yi wannan. Ta kama tare da sauran, ta mutu in injin ya tashi, kowa ya ga kamar lafiya. A cikin direba ɗari, da wuya ka sami ɗaya da ke tsayawa a rabin makulli ya ƙirga.

"Direba zai iya wannan aikin?"

"Ni kaina sai na nutsu," in ji Gajere. "Wannan hannun ya saba."

Sufeto ta kai wa shugaban ofis allon. Ya juya shi, ya ce aiki ya yi kyau, amma bai wanke tsohon ba. Wa ya ce bai kai motar wani wuri an yi masa ba, tunda ga shi yana yawo da ita a ɓoye? Maganarsa ce da ta Injiniya, kuma ɗaya daga cikinsu an riga an kama shi da ƙarya. Litinin tana nan.

A hanyar komawa ofishinta maganar Gajere ta dawo mata. Hannun ya saba. Hannu kuwa ba ya sabawa da aikin da ya yi sau ɗaya.

Asabar da safe ta ɗauki Kofur da Gajere, ta biya ta ɗauki Malama Babba a gida, suka nufi garejin Injiniya. A hanya ta tambaye ta batun kwana biyun jarrabawa. Malama ta ce haka ne, ta tuna, har ta makara ranar farko. Da Injiniya ya ce awa ɗaya a ofis ta ji abin ya ɗan tsaya mata, amma ba ta son ƙaryata ɗan wanta a gaban hukuma. Sufeto ta gaya mata labarin tikitin asibiti kuma, tana jiran ta ga fushi.

"Wannan ai na sani tun bara," in ji Malama Babba. "Mai gadin makaranta ya gaya mini. Shi ya sa nake cika tanki duk Alhamis."

Garejin Injiniya wuri ne mai tsafta, da siminti a ƙasa da benci na masu jira har da fanka. Asabar ranar cika ce. Motoci biyar ne a layi, masu su na zaune suna danna waya. Injiniya ya taso da fara'a, yana Goggo sannu da zuwa, ranki ya daɗe sannu da aiki, a kawo muku ruwa?

Sufeto ta ce ba zama suka zo yi ba. Ta juya ga masu jira, ta gaishe su, ta tambayi wanda ya fi daɗewa yana kawo mota nan. Wani dattijo mai tabarau, malamin asibiti mai ritaya, ya ce shi ne, shekara huɗu. Ta roƙe shi ya shiga motarsa ya murɗa makulli rabi, kada ya tayar.

Injiniya ya yi wuf ya riga shi zuwa ƙofar motar, ya ce a bar shi ya tayar musu, batir ɗin Alhaji ba shi da ƙarfi, ba a son a bar shi a kunne. Kofur ya sa kafaɗa tsakaninsa da ƙofar, ya ce ya huta, yau hukuma ce ke aiki.

Dattijon ya murɗa. Sufeto ta sunkuya ta taga, ta nuna masa fitilar, suka ƙirga tare. Shida. Goma. Ashirin. Ta ce ya tayar. Ta mutu tare da ta baƙin mai.

Mota ta biyu ta wani saurayi ce da ya ce yau ne zuwansa na farko. A ƙirga na shida fitilar ta mutu ita kaɗai, injin a kashe. Sufeto ta ce kowa ya matso ya gani, haka mai lafiya take yi.

Ta uku ta wata mata ce mai kai 'ya'yanta uku makaranta kullum. Fitilarta ba ta mutu ba. Ta huɗu lafiya. Ta biyar ba ta mutu ba.

Gajere ya ɓalle murfin sitiyarin dattijon a gaban kowa. Ya sa yatsa biyu ya jawo tsohuwar singileti.

Matar nan mai 'ya'ya uku ta nemi benci ta zauna, tana ta maimaita cewa gobe-goben nan za su yi doguwar tafiya, Allah ne ya kawo ta juyen mai yau.

Sufeto ta dubi Injiniya.

"Baba Direba ya taɓa tuƙa motocin nan uku?"

Injiniya ya saci kallon ƙofar sito.

"Ina makullin sito?"

Ya daɗe kafin ya ciro shi daga aljihu. A can ciki, bayan tayoyi, Kofur ya fito da kwali biyu. Jakar iska bakwai, kowacce a naɗe cikin jarida, an rubuta irin motarta da alli a jiki. Biyu daga ciki na motar Malama Babba ne.

Injiniya ya zauna a kan wata taya, ya riƙe kai. Da ya fara magana ba Sufeto yake kallo ba, goggonsa yake kallo. Ya ce masu motocin da suka yi hatsari suna neman jakar ido rufe, sabuwa kuwa tsada gare ta. Ya ga abu ne da ke kwance shekara da shekaru ba a amfani da shi. Ya fara da ɗaya, ba wanda ya gane, sai hannu ya zarce.

"Har da tawa," in ji Malama Babba. Muryarta ba ta tashi ba. "Ni da nake zama a kujerar."

"Goggo, wallahi ba kowace mota nake taɓawa ba. Zaɓa nake yi. Sai wadda na san direbanta ba ya gudu, ba ya ganganci. Na ce Baba shekara ashirin da biyu ko kaza bai taɓa bugewa ba. Na ce a hannunsa jakar nan ba za ta taɓa buɗewa ba har motar ta tsufa."

"Saboda ka fi yarda da shi ka sace, kenan," in ji Sufeto, "kuma da ta ɓaci ka nuna shi."

"Tsoro ne ya kama ni."

Malama Babba ta juya masa baya. Sufeto ta sa ya faɗi sauran motocin da ya taɓa, Kofur yana rubuta sunayen masu su da lambar waya. Sun kai tara. Kafin azahar an kira kowa, an ce kada ya hau babban titi sai Gajere ya duba masa. Ba wanda aka samu ya yi hatsari a cikinsu. Da aka kashe waya ta ƙarshe, Sufeto ta ce alhamdu lillahi a fili, ba ta damu da wa ya ji ba.

Shugaban ofis ya karanta sabon bayanin, ya ja tsaki, ya yage takardar kai ƙara kotu da hannunsa. Ya ce a saki tsohon yanzu-yanzu, kuma a ba shi haƙuri.

Aka fito da Baba Direba yana ƙifta ido saboda haske. Malama Babba tana tsaye a bakin kanta, ita da ke sa ɗalibai ɗari huɗu su yi shiru da kallo ɗaya, yau ta kasa ɗaga ido. Ta ce, "Baba, ka yafe ni." Ya ce haba Malama, ai ba komai, yaya goshin? Ta ce da sauƙi. Ya ce to madalla, a riƙa shafa masa man zaitun kada ya bar tabo.

A daidai lokacin Kofur ya shigo da Injiniya da ankwa a hannu. Hanyar siririya ce, dole ɗaya ya raɓa wa ɗaya. Injiniya ya sunkuyar da kai yana neman wucewa, sai tsohon ya tsaya a gabansa. Kofur ya ɗan matso, don ya ga irin wannan haɗuwar ta ƙare da mari ba sau ɗaya ba.

Baba Direba ya dube shi sama da ƙasa, yaron da ya sha kaiwa makaranta da kwandon abinci a cinya.

"In ka shiga, ka nemi gefen dama," in ji shi. "Na hagu ƙasan da sanyi, kai kuma tun kana ƙarami kake da ciwon haƙarƙari."

Injiniya ya gyaɗa kai. Kofur ya taɓa gwiwar hannunsa, suka wuce ciki, ƙofar ƙarfen ta rufe a bayansu.